Yadda za ka gane tafiyar duniya, wata da rana da sanda, ƙwallo da fitila

A shekarar da na fara koyarwa na tafka wata katoɓara da har yau ban manta ba. Na tsaya gaban allo na zana ƙwallaye uku, na ce wa yara jinjirin wata yana zama siriri ne saboda inuwar duniya ta rufe sauran jikinsa. Suka kwafa tsaf. Washegari wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, jiya da magariba na ga jinjirin wata a yamma, kusa da inda rana ta faɗi. Ai inuwa gefen da babu haske take faɗawa. Ta yaya inuwar duniya ta koma gefen da ranar take?" Na buɗe baki na rufe. Na ce mata za mu duba gobe, alhali ni ne nake bukatar dubawar. Daren nan na kashe wutar ɗakina, na kunna fitila guda, na ɗauki ƙwallo ina juyi kamar sabon mahaukaci, kuma cikin minti biyar na gane abin da shekarun hadda ba su gane mini ba.

Tun daga lokacin na daina fara wannan darasi da allo. Abin da zan ba ka a nan ayyuka ne da za ka yi da hannunka. Ka nemo sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, igiya, tsakuwoyi, ƙwallon ƙafa, ƙwallon tanis, fitila marar murfi ko ƙwan lantarki, tocila, kwali, allura, rula, da littafi guda da ba za ka rubuta komai a cikinsa ba sai abin da idonka ya gani, da kwanan wata, da lokaci. Littafin nan ya fi sauran kayan duka muhimmanci. Doka ɗaya ce kafin mu fara: ko a wane hali kada ka kalli rana da ido. Za mu auna ta ba tare da mun dube ta ba.

Fara da gyara girman da ke kanka

Zanen da ke cikin littattafan makaranta yana yaudarar ɗalibai ba da gangan ba. Shafi ba shi da faɗi, sai mai zane ya matse rana da duniya da wata kusa da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Daga nan yawancin ruɗanin ke tasowa.

Faɗin duniya daga gefe zuwa gefe ta tsakiyarta kilomita 12,742 ne. Na wata kilomita 3,474, wato ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na duniya. Ka ajiye ƙwallon ƙafa a fili, ita ce duniya. Ƙwallon tanis shi ne wata, girmansu ya kusa dacewa. Yanzu ka tambayi abokinka ya ajiye watan inda yake ganin ya dace. Na gwada wannan da ɗalibai masu yawa, kusan kowa kamu ɗaya ko biyu yake bari tsakaninsu. Amsar ita ce wajen mita shida da rabi. Matsakaicin nisan wata kilomita 384,400 ne, duniya talatin za a jera a tsakani. Ka auna da igiya, ka ajiye ƙwallon, ka koma ka tsaya wajen duniya ka dube shi. Ka riƙe wannan hoton a ranka, za mu bukace shi idan mun zo kan husufi.

Rana fa? A wannan ma'auni faɗinta mita 24 ne, kamar gini mai hawa bakwai ko takwas, kuma tana can fiye da kilomita biyu da rabi daga ƙwallonka. A zahiri faɗinta ya ninka na duniya sau 109, nisanta kuwa kusan kilomita miliyan 150. Hasken da ya taso daga wata yana iso mu cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya. Na rana sai ya yi minti takwas da daƙiƙa ashirin a hanya.

Sanda da inuwarta

Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe da rana ke bugawa tun safe har yamma. Ka kafa sandar a tsaye cak. Ka ɗaura tsakuwa a igiya ka saki kusa da ita don ka tabbatar ba ta karkace ba. Tun da hantsi, kowace awa ka ajiye tsakuwa a daidai ƙarshen inuwar, ka auna tsawonta, ka rubuta. Idan rana ta kusa tsaka ka riƙa yi kowane minti goma.

Za ka ga inuwar safe doguwa ce tana nuna yamma, tana ta raguwa, ta kai wani ƙanƙanta, sannan ta soma tsawo tana nuna gabas. Lokacin da ta fi gajarta shi ne tsakar rana ta gaskiya a inda kake, kuma da wuya ya zo daidai ƙarfe goma sha biyu na agogo. Agogo lokaci ɗaya yake bai wa yanki mai faɗi, rana kuwa ba ruwanta da wannan yarjejeniya. Layin da gajeriyar inuwar ta kwanta a kai shi ne layin kudu da arewa.

Ga wata dabara da ta fi wannan tsafta. Da safe ka ɗaura igiya a gindin sandar, ka zana da'ira da ta bi ta ƙarshen inuwar, ka sa alama a wurin. Ka jira har yamma lokacin da inuwar za ta sake taɓa da'irar, ka sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin nan biyu shi ne gabas da yamma, ba ka bukatar wata na'ura.

Da irin wannan inuwa aka fara auna girman duniya. Wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani Bagirke mai suna Eratostenis da ke zaune a Iskandariya ta Masar ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, can kudu, akwai ranar da abu mai tsaye ba ya yin inuwa da tsakar rana. A wannan rana a Iskandariya kuwa inuwar ta nuna rana ta karkace da kimanin digiri bakwai, kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Ya ce ashe tazarar garuruwan nan kashi ɗaya ce cikin hamsin na zagayen duniya, ya ninka ta sau hamsin. Idan kana da aboki da ke zaune nesa da kai ta kudu ko ta arewa, kilomita ɗari biyar ko fiye, kuna iya maimaita aikin. Ku auna inuwa rana ɗaya, kowa a tsakar ranarsa. Kowa ya zana sandarsa da inuwarta a takarda da ƙaramin ma'auni, ya haɗa ƙarshensu da layi, ya auna kusurwar da ke saman sandar da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi. Idan inuwoyinku gefe ɗaya suka nuna ku ɗebe ƙaramar kusurwa daga babbar, idan sun saɓa ku haɗa su. Kowane digiri ɗaya na bambanci kimanin kilomita 111 ne a ƙasa, sau 360 ya ba ku wajen kilomita 40,000. In kuka sami 36,000 ko 44,000 kada ku ji kunya, sanda ce ta ɗan karkace.

Dare da rana, da minti huɗun da suka ɓace

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna fitila guda. Kanka shi ne duniya, kai kuma kana zaune a kan hancinka. Ka juya a hankali ta hannun hagu. Fitila za ta ɓullo ta gefen idonka na hagu, ta zo gabanka, ta ɓace ta dama. Ba ta motsa ba, kai ka juya. Haka duniya take juyawa daga yamma zuwa gabas kamar katantanwa, shi ya sa rana da wata da taurari duk suke fitowa ta gabas. Rana tana cin digiri 15 na sararin sama a kowace awa. Wanda ke tsaye a kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu kudu da arewa, yana tafiyar kusan kilomita 1,670 a awa ba tare da ya ji komai ba, don tafiyar ba ta da burki ko gargada, kuma iska da komai tare suke tafiya.

Amma juyin duniya guda ba awa 24 ba ne cif. Awa 23 ne da minti 56 da daƙiƙa 4. Kafin ta gama juyi ɗaya ta ɗan matsa gaba a hanyarta ta kewaya rana, sai ta ƙara ɗan juyi na minti huɗu kafin ta sake fuskantar ranar. Kana iya kama wannan da idonka. Ka zaɓi tauraro mai haske, ka tsaya a wuri ɗaya da ka yi wa alama, ka rubuta lokacin da ya ɓuya bayan wani turke ko kusurwar gini. Gobe zai riga da minti huɗu. Bayan wata guda ya riga da awa biyu. Dalilin ke nan da Kaza da 'Ya'yanta suke da watannin da ake ganinsu da dare da watannin da ba a gani.

Kewayen rana kuma kwana 365 ne da kusan awa shida. Waɗannan awanni ake tarawa a ƙara ranar 29 ga Fabrairu duk shekara huɗu. Da yake ba su cika shida cif ba, tsarin kalandar da aka gyara a 1582 yana tsallake wasu: 1900 ba ta sami ƙarin ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Wata: nan ne aikin yake

Kada ka fara da fitila. Ka fara da sama, kuma ka ba ta mako biyu. Daga daren da jinjirin wata ya bayyana, ka riƙa fita kullum jim kaɗan bayan faɗuwar rana, ka tsaya wuri ɗaya. Ka zana abu biyu: siffar watan, da inda yake idan aka kwatanta da wata bishiya ko rufin gini. Don auna tazara, ka miƙe hannunka iyaka ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen kimanin digiri goma ne a sama, ga yaro ga babba, don mai ƙaramin hannu dantsensa ma gajere ne.

Ga abin da littafinka zai nuna idan ba ka yi ha'inci ba. Daren farko watan siriri ne, ƙasa ƙasa a yamma, bai daɗe ba ya bi rana. Kullum a lokaci guda za ka same shi ya matsa gabas da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, ya kuma ƙara kauri. Bayan kamar mako guda ya zama rabi, yana can sama da magariba, sai tsakar dare ya faɗi. A daren sha huɗu ko sha biyar yana fitowa ta gabas a cike daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ya kwana ana farin wata. Daga nan sai ya riƙa makara, kimanin minti hamsin kowane dare, har ka daina ganinsa da magariba. Ka koma nemansa da asuba da hantsi. Ɗalibai da yawa suna mamaki idan suka fara ganin wata da rana tsaka-tsakin safiya, fari fat a yamma, alhali kowane wata yana nan, ba su ɗaga kai ba ne.

Abu ɗaya za ka lura da shi a kowane zane: gefen da ke da haske kullum yana fuskantar inda rana take. Da magariba yana kallon yamma, da asuba yana kallon gabas. Kuma iya nisan wata da rana a sama, iya cikarsa.

Yanzu ka shiga ɗaki. Fitila ita ce rana, a ɗora ta daidai tsayin kanka, ka ja baya taku uku ko huɗu. Ka soke ƙwallon tanis a fensir, ko ka riƙe shi da yatsu ta ƙasa, ka miƙe hannu. Ka fara da fuskantar fitila, ƙwallon yana ɗan ƙasa da ita. Gefen da ke kallonka baƙi ne, hasken yana can bayansa. Wannan shi ne lokacin da wata ya ɓata. Ka juya hagu kaɗan: wani siririn haske zai ɓullo a bakin ƙwallon. Jinjiri ke nan, kuma ka duba, inuwar kanka tana can bayanka, ba ta ko kusanci ƙwallon ba. Abin da yarinyar nan ta hango ke nan. Ka ci gaba da juyi har fitila ta koma kafaɗarka ta dama, rabi ya haskaka. Ka ba fitila baya, ka ɗaga ƙwallon sama da kanka kaɗan, ya cika. Ka ƙarasa zagayen, ka ga yana raguwa ta ɗaya gefen.

Wata ba shi da hasken kansa, aro yake daga rana. A kowane lokaci rabin jikinsa yana cikin haske, rabi cikin duhu, kamar dai duniya. Abin da ke sauyawa shi ne nawa daga cikin rabin mai haske ya juyo gare mu. Duhun da kake gani a jikin jinjirin wata darensa ne kawai.

Akwai wani ɗan abu mai daɗin gani a kwanakin farko. Idan ka ƙura wa jinjirin ido za ka ga sauran da'irar tana nan dishi-dishi, launin toka. Wannan hasken rana ne da ya bugi duniya, ya koma ya haska daren wata, ya sake dawowa idonka. Da akwai mai tsayuwa a can a wannan dare, da yana cikin farin duniya kamar yadda muke samun farin wata.

Lambobi biyu suna rikita ɗalibai a jarrabawa. Wata yana kewaya duniya cikin kwana 27.3, amma daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29.5 ne. Irin labarin minti huɗun nan ne: kafin ya gama zagaye, duniya ta ja shi sun yi gaba a kewayen rana, sai ya ƙara kwana biyu kafin ya sake daidaita da ita. Sau goma sha biyu na 29.5 ya ba da kwana 354, shi ya sa shekarar da ake lissafawa da wata take kasa ta rana da kimanin kwana 11.

Ka kuma lura da baƙaƙen tabon da ke fuskarsa. Ba sa sauyawa, fuska ɗaya yake nuna mana har abada. Wasu sukan ce ashe ba ya juyawa. Ka ajiye kujera a tsakar ɗaki, ka kewaya ta kana fuskantarta ko da yaushe. Kafin ka dawo inda ka fara ka kalli bango huɗun ɗakin duka, wato ka juya sau ɗaya. Haka wata yake, juyinsa guda da kewayensa guda lokacinsu ɗaya. Ba wanda ya san kamannin bayansa sai a watan Oktoba na 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyat mai suna Luna 3 ya ɗauko hotonsa, kuma ba a sauke komai lafiya a can ba sai da kumbon Sin, Chang'e 4, ya sauka a Janairun 2019. Tabon kuwa filaye ne na narkakken dutse da ya daskare tun fil azal. Idan ka sami madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, kada ka ɓata shi a daren sha huɗu. Ka duba lokacin da watan yake rabi, a kan iyakar haske da duhu, inda duwatsu da ramuka ke jefa doguwar inuwa. A nan masanin taurari Galileo ya gane a 1609 cewa wata ba sumul yake ba.

Sannan maganar cewa wata ya fi girma idan yana fitowa. Ka naɗe takarda ta zama bututu daidai girmansa a lokacin, ka manne ta, ka sake leƙa shi da ita bayan awa uku. Girman bai sauya ba. Ido ne ke yi mana wayo, kuma ƙarshen ƙaramin yatsanka ya isa ya rufe shi ko a ina yake.

Zafi da sanyin shekara

Kuskure na biyu da na fi ji shi ne wai lokacin zafi duniya ta matsa kusa da rana ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. A Janairun nan Rasha da Kanada suna cikin ƙanƙara, Ostireliya da Ajantina suna tsakiyar zafi. Da nisa ne sanadi, da duk duniya lokaci guda za ta yi zafi.

Sanadin karkata ce. Ka ɗauka akwai wata ƙusa da ta huda duniya daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu, a kanta take juyawa. Ƙusar nan ba a tsaye take ba, ta jingina da digiri 23.4, kuma duk tsawon shekara wuri ɗaya take nunawa a sama. Ka manna ɗan tsinke a saman ƙwallon ƙafarka, ka karkata shi ya nuna kusurwa ɗaya ta rufin ɗaki, ka kewaya fitila da shi. Inda kowa ke kuskure shi ne juya tsinken ya riƙa bin fitila. Kada ka yi. Ya ci gaba da nuna kusurwar nan. Za ka ga a gefe ɗaya na ɗakin saman ƙwallon ya rusuna wa fitila, wannan wajen 21 ga Yuni ne. A ɗaya gefen ya kauce mata, wajen 21 ga Disamba. A tsakani, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, dare da yini sun kusa daidai ko'ina.

Don ka ga abin da rusunawar ke jawowa, ka haska tocila a takarda kai tsaye ka zagaye hasken da fensir, sannan ka karkata takardar ka sake zagayewa. Haske ɗaya ne, amma ya bazu a fili mai faɗi, ya yi rauni. Ka haɗa da gajeren yini, ka sami hunturu. Sandarka ma za ta ba da shaida idan ka riƙa auna inuwar tsakar rana sau ɗaya a wata. Wanda ke zaune tsakanin digiri 23.4 arewa da 23.4 kudu da ikwaita zai ga inuwar tana nuna arewa wasu watanni, tana nuna kudu wasu, kuma sau biyu a shekara ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace.

Auna rana da allura

Ka huda kwali da allura, huji ƙarami mai tsafta. Ka ba rana baya, ka ɗaga kwalin yadda hasken hujin zai sauka a farar takarda da ke cikin inuwa, mita biyu daga kwalin. Zagayayyen hasken da ka gani hoton rana ne, ba siffar hujin ba. Ko hujin mai kusurwa uku ne, a wannan nisa zagaye zai fito. Masanin ilimin haske Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan tun kimanin shekara dubu da suka wuce. Ka auna faɗinsa, zai kusa santimita biyu. Ka raba nisan da faɗin, za ka sami wani abu kusa da 107. Ma'ana, rana 107 za a jera daga nan zuwa can. Ka raba miliyan 150 da 107, ka sami kimanin kilomita miliyan 1.4, faɗin rana ke nan, daga kwali da rula.

Husufi

Lokacin da kake juyi da ƙwallo na ce ka ɗaga shi sama da kanka. Ka sake yi, wannan karon kada ka ɗaga. Kana ba fitila baya sai inuwar kanka ta haɗiye shi. Husufin wata ke nan, kuma a nan kaɗai inuwar duniya take da hannu. Shi ya sa ba ya faruwa sai watan ya cika. Ka dawo da ƙwallon gaban fitila, ka rufe ido ɗaya, ka sa shi ya tare ta. Husufin rana ke nan, ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da ya ɓata.

To me ya hana a yi husufi biyu kowane wata? Ka tuna mita shida da rabin nan. Hanyar wata ta karkace da kimanin digiri biyar daga shimfiɗar hanyar duniya, kuma a wannan nisa digiri biyar ya fi rabin mita a filinka, alhali inuwar ƙwallon ƙafa ba ta kai kamu guda ba. Yawancin watanni sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa. Kusan duk wata shida ne hanyoyin suke daidaita.

Rana ta fi wata faɗi kimanin sau 400, ta kuma fi shi nisa kimanin sau 400, don haka girmansu ɗaya a ido, har ƙaramin ya iya rufe babbar ruf. Inuwar da yake jefowa duniya siririya ce, cikakken duhun ba ya wuce minti bakwai da rabi a wuri guda. Lissafin masana ya sa wani babba a ranar 2 ga Agusta 2027, wanda hanyarsa ta bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya, da duhun fiye da minti shida a wajen Luksor ta Masar. Ƙasashe da yawa na kewaye rabi-rabi ne rabonsu. A irin wannan rana baƙin tabarau ba ya kare ido, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka kallon rana a cikin ruwa. Ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa, sai daga baya. Ka koma ga kwalinka da allura, ko ka duba ƙarƙashin bishiya mai ganye, za ka ga ƙasa ta cika da ƙananan jinjirayen rana.

Husufin wata kuwa ka kalle shi iya son ranka, ba ya cutarwa, kuma duk wanda watan ke samansa a lokacin yana gani. Idan ya shige inuwar gaba ɗaya yakan yi ja kamar garwashi, don iskar da ke lulluɓe da duniya tana lanƙwaso jan haske cikin inuwar, irin jan da ake gani a faɗuwar rana. Amma ka shirya littafinka tun kafin nan, lokacin da inuwar ta ci kamar rabinsa. Ka zana da'ira mai faɗin santimita huɗu, ka kwafi lanƙwasar bakin inuwar a kanta daidai yadda ka gani. Kullum gefen da'ira ce, kuma masani Bagirke Aristotal ya kafa hujja da wannan cewa duniya dunƙulalliya ce. Daga baya ka ɗauki kamfas ka yi ta gwadawa har ka sami da'irar da ta hau kan lanƙwasar. Faɗinta zai ninka na watanka sau biyu da rabi ko ɗan fiye. Inuwar tana tsukewa a hanya da kimanin faɗin wata guda kafin ta isa can, sai ka ƙara ɗaya. Ka kwatanta abin da ka samu da 12,742 a raba da 3,474.